Kafin A Durƙusar Da Mota

Duk direban da ya sha kwana da ɗan gudu ya ji motarsa ta kwanta gefe guda kamar kwale-kwale, ya san ƙafar motar ta gaji. Abu biyu ne ginshiƙin ƙafar nan: sifirin mai ɗaukar nauyi, da shokazoba mai hana motar lilo bayan ta faɗa rami. Shokazoba na mutuwa, taya ta fara tsalle a kan kwalta, birki ya daina kamawa da wuri, sitiyari ya riƙa rawa a hannu.

Samari masu ƙwalisa gajeren sifirin suke nema, don motar ta durƙusa kamar ta tsere. Irin na kamfanin Eibach na Jamus yakan sauke mota da kusan santimita 3, kuma gaskiya yana rage kwanciyar nan a kwana. Sai dai domin titi mai sumul aka ƙera shi. A hanyar da rami ke bin rami, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, cikin motar ne zai sha dukan. Wanda kuwa ya kai sifirinsa wajen mai walda a datse, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Tsofaffin direbobi ba su manta da Peugeot 504 ba, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Doguwar ƙafarta mai laushi ce ta sa ta jure hanyoyin Afirka, har ta lashe gasar Safari a Kenya a 1975.

Saboda haka mai son motarsa ta kama titi, gara ya bar tsayinta yadda yake, ya zuba kuɗin a shokazoba. Akwai mai bututu biyu, irin wadda yawancin motoci ke fitowa da ita, kamar Excel-G ta kamfanin KYB na Japan. Akwai mai bututu ɗaya da iskar gas mai ƙarfi, kamar Bilstein B6, wadda ba ta saurin yin zafi a doguwar hanya mai gargada. Ta fi tsada, ta kuma fi tauri. Bilstein B8 kuwa ta gajeren sifirin ce, kada a rikita ta da B6.

A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, 'yar Beljiyam ta fi araha, amma ba a san tafiyar da ta sha ba. Gogaggen bakanike yakan duba ko mai ya jiƙa jikinta, ya danna sandar ƙasa ya ga ko ta ba shi wuya, sannan ta taso a hankali.

Bibbiyu ake canza su, hagu da dama. A duba bushin da tayarod tun motar na kan jak, domin sabuwar shokazoba ba ta gyara robar da ta tsage. Ana gamawa kuma a wuce wajen masu alaimen, in ba haka ba taya ta cinye ta gefe guda.