Hoton Ƙashi Da Neman Diyya: Yawan Hoto Ba Shi Ne Hujja Ba

Uwargida, ranar da inji ya kama wa maigida hannu a wurin aiki, ko ya faɗo daga gini ya karye, ke ce mai jinya, kuma galibi ke ce mai ajiyar takardu. To, ki ba ni aron kunnenki.

Tun shekarar 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki a Nijeriya, hukumar NSITF ce ke kula da ita. Kafin a biya, sai likita ya duba ya faɗi iyakar naƙasar. A nan ne mutanenmu suke zaton yawan hoto shi ne ƙarfin hujja, har a ɗaga akuyar gida a je a ɗauko wani sabo.

Ba haka abin yake ba, 'yar'uwa. Hoton ƙashi, ƙashi yake nunawa. Ba ya nuna raɗaɗi, jijiya ma ba ta fitowa sosai. Abin da likita yake bi shi ne iya inda gaɓa take lanƙwashewa, da ƙarfin riƙon hannu, da yadda mutum yake takawa. Karaya kuwa, hoto biyu kan wadatar, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. A tafin hannu da ƙafa da idon sawu ne akan ƙara na uku a karkace, saboda ƙasusuwan suna ɓoye juna. Ko a sabon rauni ba kullum ake hoto ba: a 1992 likitocin Ottawa ta ƙasar Kanada suka nuna cewa mai targaɗen idon sawu, in ya iya yin taku huɗu, kuma ba ya jin zafi in an danna ƙashin, yawanci ba ya buƙatarsa.

Kada wannan ya tsorata ki. Hasken da ke shiga hannu ko ƙafa kaɗan ne ƙwarai, in likita ya ce a yi, a yi. Mai juna biyu dai ta faɗa tukuna. Asarar tana ga kuɗi da wahalar layi.

Ki adana tsofaffin hotuna cikin ambulan ɗinsu, a shimfiɗe, nesa da rana da danshi, ba a naɗe ƙarƙashin katifa ba. Ranar dubawa maigida ya tafi da su duka, ya tambaya cikin ladabi: "Likita, sabon hoton zai canza wani abu ne?" In kuma maɗori ne ya yi ɗorin, kada ya ɓoye, don a nan kam ana iya buƙatar sabon hoto a ga yadda ƙashin ya haɗe.