Kacala: Ciyawar da ke toshe kogunan Nguru da Gashuwa, ta tara sauro da tsargiya

Mai karatu, idan kana sayen busasshen kifin Nguru ko shinkafa 'yar Gashuwa, to matsalar kacala ta shafi tukunyar gidanka. Kacala doguwar ciyawa ce mai fitowa a cikin ruwa, tsawonta kan wuce na mutum, kuma ta mamaye dausayin Haɗeja zuwa Nguru, inda dubban iyalai ke noma da su da kiwo.

A da, kogin Haɗeja kan cika da damina, ya malala cikin fadamu, sannan ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara. Abin da kacala ke so ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Saiwarta na yaɗuwa a cikin laka, iska kuma na kwasar irinta zuwa nesa.

Inda ta kafu sai ta tare yashi da laka, hanyar ruwa ta cushe. Haka ta yi wa mashigin Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, wurin da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2000. Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta a gonakin mutane, wasu rassan kogin kuma su bushe, abin da ke isa Gashuwa ya ragu. Masunci ba ya iya jefa koma, kwale-kwale ba ya ratsawa, bado da ciyayin da dabbobi ke ci sun rasa wuri. Tsuntsun jan baki kuma ya samu maɓoya, daga nan yake far wa shinkafa da gero.

Ta fuskar lafiya, ruwan da ke kwance a gindin kacala matattarar sauro ce, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran damina a garuruwan bakin ruwa. A nan kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya ke hayayyafa. Tsutsar kan huda fatar mai wanka ko wanki ko kamun kifi, ba sai ya sha ruwan ba.

Don haka idan yaranka sun je hutu wajen kakanninsu a Nguru, ko Gashuwa, ko ƙauyukan Bade, ka tafi musu da gidan sauro, ka kuma ja kunnensu kan iyo a ruwan da ke kwance. Idan sun dawo, uwa ta sa ido. Jini a ƙarshen fitsari, ko zafi lokacin yin sa, alamar tsargiya ce. Wasu na ɗaukar wannan jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Cuta ce, kuma idan ta daɗe tana lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda. Gwajin fitsari a asibiti yana gano ta, maganinta kuma, Praziquantel, ana auna shi ne da nauyi ko tsawon yaro, saboda haka a bar wa ma'aikacin lafiya.

Mutanen yankin ba su naɗe hannu ba. Suna fita aikin gayya da lauje da adda su buɗe hanyoyin ruwa. Ƙona ta ba ya kashe saiwar, sai dai ta sake tohowa. Yankan ta a ƙarƙashin ruwa ya fi, domin kututturen kan shaƙe ya ruɓe. Masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa sun gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki, a ƙasar Senegal kuwa ana yin gawayi da ita.

Sai dai aikin ya fi ƙarfin lauje. Yana buƙatar yashe kogi da injina, da kuma tsarin sakin ruwa daga madatsun da zai bar fadama ta bushe da rani, wanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Idan ɗan majalisarku ya zo gida, ku tambaye shi inda aka kwana kan yashe mashigin Marma.