Wane Kai Ne Ya Dace Da Kamararmu?

Ku da kuke tsaye a gaban wannan allo, ku yi wani ɗan gwaji kafin ku ci gaba da karatu. Ku miƙa hannu ku ɗaga babban yatsa, ku saita shi da wani abu mai nisa, kamar sandar tuta. Ku rufe idon hagu ku duba, sannan ku buɗe shi ku rufe na dama. Yatsan ya yi tsalle, ko ba haka ba? Alhali ko motsi bai yi ba. Inda kuke kallo daga nan ne ya gusa da 'yan santimita. Ku riƙe wannan, don a kansa bayaninmu na wannan mako ya rataya.

Ƙungiyar 'yan jarida tana son ta ɗauki hoto mai faɗi, wanda ake ce wa fanorama, na cikin zauren taro a ranar raba kyaututtuka. Ana yin irin wannan hoto ne ta hanyar ɗaukar hotuna da yawa a jere, ana juya kamara kaɗan-kaɗan, sannan a ɗinke su a kwamfuta su zama guda. Akwai manhajar kyauta mai suna Hugin da ke yin ɗinkin. Ranar sau ɗaya take zuwa a shekara, kuɗin asusunmu kuma ba sa sayen abu sau biyu. Shi ya sa Malam mai kula da ƙungiya ya ce ba za a taɓa ko kwabo ba sai mun iya yi wa ɗan aji ɗaya bayanin abin da za mu saya. To ga bayanin.

Abin da ake ɗora kamara a kai, mai ƙafa uku ɗin nan da masu hoto ke kira sitan, kashi biyu ne: ƙafafu da kai. Kai shi ne ke riƙe kamara yana juya ta. Kai na gama-gari yana juya ta ne daga ramin noti da ke ƙarƙashin jikinta. Amma kamara ba daga nan take gani ba. Tana gani ne daga wani ɗigo da ke can cikin gilashinta na gaba, inda haske ke shiga. Idan kun leƙa gilashin ta gaba za ku hango wata 'yar ƙofa kamar ƙwayar ido, to nan ne wurin. Idan aka juya kamara daga ƙarƙashinta, wannan ƙwayar idon tana yin lilo hagu da dama, sai abin da ya faru da yatsanku ya faru da hoto. Kujerar da ke kusa za ta bayyana a wani wuri a hoto na farko, ta koma wani wuri a na biyu, bango kuwa yana nan inda yake. Kwamfuta ta rasa wanda za ta bi. Sai a ga benci ya karye a tsakiya, ko taga ta zama biyu.

Kan fanorama an ƙera shi ne don maganin wannan. Yana da ƙarfen zamiya mai zanen milimita kamar rula, wanda ake ja da kamara baya a kansa har ƙwayar idon gilashin ta zo daidai saman inda ake juyawa. Daga nan, duk yadda aka juya, daga wuri ɗaya ake kallo.

Amma fa ba kowane hoto ne ke buƙatarsa ba. Wanda ya hau Dutsen Dala yana ɗaukar Kano daga sama, komai ya yi masa nisa, tsallen ba zai ma ganu ba. Ku gwada da kanku, ku saita bishiya mai nisa da dutse mai nisa ku rufe ido ɗaya, babu abin da zai motsa. A cikin ɗaki ne, ko inda akwai abu a kusa, ake shan wahala. Zaurenmu kuwa cike yake da kujeru da ginshiƙai.

Yanzu sai zaɓe. Mu a ganinmu wanda ya fara da tambayar kuɗi ko sunan kamfani ya fara ta baya. Kamfanoni irin su Manfrotto da Nodal Ninja suna yin kai iri-iri, manya da ƙanana, kuma mai tsada ma zai iya ƙin dacewa da kamararka. Da kamara ake farawa, da rula a hannu.

Awo biyu ne ba makawa. Na farko, tsayi daga gindin kamara zuwa tsakiyar gilashi. Yawanci a tsaye ake ɗaure kamara wajen ɗaukar fanorama, don hoto ya kama sama da ƙasa sosai, kuma wannan awon ne zai nuna ko ƙarfen ƙasa ya isa a kawo tsakiyar gilashi saman wurin juyawa. Na biyu, nisa daga ramin noti zuwa ƙwayar idon. Idan gilashi dogo ne, nisan yana iya wuce tsawon ƙarfen sama na ƙaramin kai, ka ja har ƙarshe ba ka kai ba. Akwai kuma ƙananan kamarori da ramin notinsu ba ya kan layi ɗaya da gilashi, ya karkata gefe. Irin waɗannan sai an nemi kai ko faranti mai gyara wannan karkatar.

Ga yadda ake gano awo na biyun, kuma a nan ne aikin ya fi daɗi. A kafa biro a tsaye a kan tebur kusa da kamara, a saita shi da gefen ƙofa da ke can nesa, su hau kan juna a tsakiyar hoto. A juya kamara dama. Idan biron ya zame hagu ya bar gefen ƙofar, ƙwayar idon tana gaba da yawa, a ja kamara baya. Idan dama ya zame, an wuce, a turo ta gaba. Haka za a yi ta yi, milimita bayan milimita, har su daina rabuwa. Sai a rubuta lambar a ɓoye. Abin lura, gilashi mai zuƙowa ba lamba ɗaya gare shi ba. Namu mai tafiya daga milimita 18 zuwa 55 ne, kuma ƙwayar idonsa tana sauya wuri idan an zuƙo, don haka kowane mataki da awonsa.

Sai batun ƙas-ƙas. Yawancin kawunan fanorama suna da abin da ke tsayar da juyi a kan wasu digiri, kana ji ya ce ƙas ka san lokacin dannawa ya yi. Dole kowane hoto ya hau kan na gefensa da kamar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu, don kwamfuta ta sami abin kamawa. A nan lissafin ajinmu ya yi rana. Kamarar ƙungiya Canon ce irin ta masu koyo. Idan an tsayar da ita a kan milimita 18, faɗin abin da take gani kusan digiri 45 ne. A bar wajen hawa, sai a riƙa juya digiri 30. Raba 360 da 30, hotuna 12 ke nan a zagaye guda. Amma a kan milimita 50 kusan digiri 17 kawai take gani, sai an juya digiri 12, wato hotuna 30. Kan da ƙas-ƙas ɗinsa bai sauka ƙasa da digiri 30 ba, ba zai yi wa mai milimita 50 aiki ba. Masu gilashin nan mai kumburi kamar idon kifi kuwa, hotuna huɗu zuwa shida kan ishe su zagaye, shi ya sa kawunansu ƙanana ne.

Akwai kai mai jere ɗaya, wanda ke juyawa hagu da dama kawai, akwai mai jere da yawa, wanda ke ɗaga kamara sama ya sunkuyar da ita ƙasa har a kama rufi da daɓe. Na biyun ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi wuyar saiti. An yi musu a kansa a taronmu, yayyenmu na babbar sakandare suna son mai jere da yawa. Mu dai mun tsaya a kan jere ɗaya, domin fuskokin mutane muke nema, ba fankar rufi ba.

Nauyi bai dame mu ba, kamararmu da gilashinta ba su kai kilo ɗaya ba. Mai babbar kamara dai ya duba abin da aka rubuta kan yana iya ɗauka, kuma kada ya cika shi taf, don kan da aka yi wa lodi yana sunkuyawa a hankali ba a sani ba. Noti ma a duba: na ƙarƙashin kamara ɗaya bisa huɗu na inci ne, wanda ke haɗa kai da ƙafafu galibi uku bisa takwas ne, kuma wasu sitan masu araha kansu ba ya cirewa sam. A tabbatar akwai 'yar kwalbar ruwa mai kumfa irin ta magina, domin idan kai bai zauna daidai ba hoton zai fito yana gangara. Lokacin hunturu kuma a riƙa sa shi a jaka, ƙura tana shiga wurin juyawar ta sa shi cijewa.

Masu waya a gida, ku ma abin ya shafe ku. Idan za ku ɗauki fanorama, kada ku miƙa hannu ku juya jikinku gaba ɗaya. Ku tsayar da idon wayar a wuri ɗaya, ku ne za ku zagaya ta. Wasu masu hoto ma zare suke ɗaurawa a gilashi da ɗan abu mai nauyi a ƙasa, su riƙa saita shi a kan tsakuwa ɗaya yayin juyawa.

Abu ɗaya ne babu kan da ke maganinsa, wato motsin mutane. Wanda ya gusa tsakanin hoto da hoto zai iya fitowa da rabin jiki, ko babu kai. Mun kuma san akwai waɗanda tun yanzu suke shirin rugawa daga wannan gefe zuwa wancan don su fito sau biyu. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya, da ku muke. Hotuna 12 ne kacal, ba za su wuce minti biyu ba, kowa ya zauna inda malamin ajinsa ya ajiye shi.