Muryar da Ke Amsa Lambar 911

"Ina ne abin ya faru?" Wannan ce tambayar da mai karɓar kira yakan fara jefa wa wanda ya buga 911 a Amurka, tun kafin ya nemi sunansa ko ya ji labarin. Dalili shi ne waya na iya yankewa, mai kira na iya suma, ko wanda yake guje wa ya cim masa. In an riga an san wurin, ana iya tura agaji ko da ba a ƙara jin kalma ɗaya ba.

Lambar ba ta daɗe sosai ba. Birnin Landan ya riga kowa da 999 a 1937, Amurka kuwa sai ranar 16 ga Fabrairun 1968 aka yi kiran 911 na farko, a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama. Lambar ɗaya ce a faɗin ƙasar, amma babu ofishi guda da ke amsa ta. Amurka na da gundumomi sama da 3,000, cibiyoyin karɓar kira kuma sun haura 5,000, akasarinsu a hannun gunduma ko birni. Wani ɓangare na kuɗin tafiyar da su ana cire shi ne kaɗan-kaɗan daga kuɗin wayar da kowa ke biya.

Ɗakin aikin ba shi da hayaniya yadda mutum zai zata. Kowane ma'aikaci na zaune gaban allunan kwamfuta huɗu ko biyar, da abin magana maƙale a kunne. Allo ɗaya taswira ne, wani na nuna lambar mai kira, wani kuma jerin motocin da ke bakin aiki da inda kowace take. A babbar cibiya aikin kashi biyu ne: ɗaya na magana da mai kira yana rubuta abin da yake ji, ɗaya kuma na karantawa a nasa allon yana tura 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko motar asibiti ta hanyar oba-oba. Shi ya sa mai kira kan fusata ya ce a daina yi masa tambayoyi a turo mota, alhali motar ta riga ta kama hanya. A ƙaramar gunduma kuwa, mutum ɗaya ko biyu ne ke haɗa duka cikin dare.

Gano wuri shi ne ciwon kan aikin. Wayar tebur tana nuna adireshin gidan da take. Wayar hannu, wadda yawancin kira ke fitowa daga gare ta yanzu, takan bi turken sadarwa mafi kusa, kuma turken na iya kai kiran gundumar maƙwabta, sai an miƙa shi inda ya dace. Na'urar wayar tana taimakawa da ƙiyasin wurin, amma a bene mai hawa ashirin sanin wane hawa da wace ƙofa yana bakin mai kira. Najeriya ma tana da lambar 112 da cibiyoyinta a jihohi, kuma duk wanda ya taɓa yi wa baƙo kwatance da "bayan masallaci, kusa da mai shayi" ya san nauyin wannan tambaya ta farko.

Inda na fi ganin darajar aikin shi ne gundumar King a jihar Washington, wadda birnin Seattle ke cikinta. A 1970 Dakta Leonard Cobb da shugaban 'yan kwana-kwana na birnin, Gordon Vickery, suka kafa tsarin Medic One don kai kulawar likita har inda zuciyar mutum ta tsaya. Sai dai duk saurin mota, ba ta isa cikin minti ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa cikin 'yan mintuna in jini ya daina kai mata. A farkon shekarun 1980 gundumar ta fara koya wa masu karɓar kira yadda za su sa mai kira ya danna ƙirjin wanda ya faɗi, ta waya, ko da bai taɓa koyo ba.

Tambayoyi biyu ne mabuɗin. Yana cikin hayyacinsa? Yana numfashi yadda aka saba? Wannan "yadda aka saba" ba a banza aka saka shi ba. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani irin gurnani ko jan iska jefi-jefi, matarsa da ke tsaye a kansa sai ta ce ai yana numfashi. Ma'aikacin da ya ƙware yakan gane wannan sauti ta cikin waya. In amsar duka biyu a'a ce, ba ya ɓata lokaci. Zai ce ta sauke shi ƙasa ya kwanta rigingine, ta ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ta danna da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti. Sannan ya riƙa ƙirga mata da babbar murya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, don kada hannunta ya yi sanyi. In ta ce ta gaji, ko tana tsoron karya masa haƙarƙari, zai ce ta ci gaba, masu agaji suna hanya.

Ba kowane kira ne haka ba. Akwai na kuskure daga wayar da ke aljihu, akwai na ƙorafin maƙwabci mai kiɗa da dare, kuma tun Yulin 2022 an ware 988 ga masu damuwar rai. Amma kowane kira sai an ɗauke shi da gaske har a tabbatar.

Masu wannan aiki kan yi awa goma ko sha biyu a zaune, da Kirsimeti da tsakar dare, kuma cibiyoyi da yawa na kukan ƙarancin ma'aikata. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda kiran ke ƙarewa. Ma'aikacin zai ji an buga ƙofa, ya ji takun takalma da muryoyin masu agaji, ya ce wa matar ta bar musu shi, ta yi ƙoƙari. Layin ya yanke. Sau da yawa ba zai taɓa sanin ko mutumin ya tashi ba, domin kafin ya kurɓi ruwa wani kiran ya shigo.