Muhawarar Barcelona: Almasihu ya zo, ko har yanzu ana jira?

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya, cikin watan Yulin shekarar 1263.

Sarki James na ɗaya na Aragon ne ya kira zaman. A gefe guda ga Musa ɗan Nahman, babban malamin Yahudawan Girona. A ɗaya gefen ga Pablo Christiani, haifaffen Bayahude da ya karɓi Kiristanci ya zama mai wa'azi. Zama huɗu suka yi suna fafatawa, kuma babbar tambayar ita ce: shin Almasihu ya bayyana?

Tambayar ta girme su duka. Almasihu na nufin shafaffe, domin da mai ake shafe kan sarakunan Bani Isra'ila ranar naɗi, kamar yadda aka yi wa Dawuda. Da Babila ta rushe Haikalin Urushalima a shekarar 586 kafin haihuwar Annabi Isa, sarautar gidan Dawuda ta faɗi, sai jama'a suka zuba ido ga wani jikansa da zai maido da ita, wato Almasihu. Malam Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya zayyana aikinsa: zai sake gina Haikali, ya tattaro Yahudawan da suka warwatsu. A wurin Yahudawa mutum ne ɗan Adam, sarki mai adalci.

Kiristoci kuwa sun yi imani cewa alkawarin ya cika a kan Yesu Banazare. Suna kafa hujja da sura ta 53 ta littafin Ishaya, mai maganar bawan da ya sha wuya saboda laifin wasu. A fahimtarsu, zuwan farko na ceton mutane ne daga zunubi, cikar mulkin salama kuma sai ya dawo.

A nan ne ɗan Nahman ya ja daga. Hujjarsa ita ce annabawa sun yi alkawarin daina yaƙi a zamanin Almasihu, ga shi kuwa ana ta zubar da jini. Bawan da Ishaya ya ambata, in ji shi, al'ummar Isra'ila ce.

Babu wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Bisa bayanin da ɗan Nahman ya rubuta, sarki ya sallame shi da kyautar kuɗin zinariya 300. Sai dai wannan rubutu ya harzuƙa malaman coci, dole ya bar ƙasar. A 1267 ya isa Urushalima, yana dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai.