Agogon tsaraba: abin da ya tabbata da abin da ake faɗa kawai

A garuruwa da ƙauyukan kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, agogon hannu yana cikin manyan tsarabar da ake sa rai da ita daga wanda ya dawo daga Hajji ko Umara, kuma ya fi hula da carbi da darduma daraja, domin shi ake ware wa mahaifi ko suruki ko malamin da aka yi karatu a gabansa. Doguwar tafiya ba baƙuwa ba ce a yankin, tunda a Bebeji aka haifi attajiri Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya sauke farali ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920. Sai dai da yawa daga maniyyatan yau manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda suka haɗa kuɗin kujera daga masara da shinkafa da dabbobin kiwo, kuma guzurin da aka ba kowane alhajin Najeriya a 2024 dala 500 ne. Duk riyal ɗin da ya tafi a kan jabun agogo gumin damina ne, shi ya sa maganganun da ake yaɗawa a kan wannan ciniki suka cancanci a tace su.

Wadda ta fi kowace kama zuciya ita ce cewa abin da aka saya a Makka ko Madina ba ya zama jabu, saboda alfarmar wurin da tsananin hukumar ƙasar. Tsananin gaskiya ne: dokar Saudiyya ta yaƙi da algus a kasuwanci ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku da tarar da za ta iya kai riyal miliyan ɗaya, kuma Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafin masu saye ta lambar waya 1900. Amma ba a kafa doka irin wannan a inda babu laifin, kuma alfarmar Harami ba ta shiga cikin injin agogo. Ba a ƙera Rolex ko Rado ko Seiko a Saudiyya, shigo da su ake yi, kuma mafi yawan ƙananan kayan da ake bazawa a lungunan Misfala a Makka, inda alhazan Najeriya suka saba sauka, da tsohuwar kasuwar Balad ta Jidda, daga masana'antun ƙasar Sin suke fitowa, wato inda kayan Sabon Gari da na kasuwar Hajj Camp a Kano suke fitowa. Abin da yake raba na asali da jabu shi ne wanda ya sayar, ko dila ne mai izini, wato shagon da kamfanin da kansa ya amince masa ya sayar da kayansa, ya kuma rubuta sunansa a shafinsa na intanet. Rolex, alal misali, ba ya sayar da sabon agogo sai ta hannun irin waɗannan, kamar Ahmed Seddiqi & Sons a Dubai da Polo a Legas da Abuja. Tun Disamban 2021 kuma an wajabta wa shagunan Saudiyya masu rajistar haraji su riƙa fitar da rasit daga na'ura, mai ɗauke da tambarin nan mai murabba'i da ake haskawa da waya, don haka wanda ya miƙa agogo mai tsada a leda ba tare da rasit ba ya riga ya faɗi matsayinsa.

Magana ta biyu ita ce agogo ya fi araha a can, musamman a shagunan da ba a biyan haraji, waɗanda ake samu a filayen jirgin sama da cikin jiragen ruwa. Irin wannan shago, wanda aka fara buɗewa a filin jirgin Shannon na ƙasar Ayalan a 1947, yana sayar wa matafiyi kaya ba tare da harajin ƙasar da yake bari ba. Ragin yana da tushe, domin harajin saye da ake kira VAT kashi 15 cikin ɗari ne a Saudiyya tun Yulin 2020, kashi 5 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tun 2018, a Najeriya kuwa kashi 7.5. Abin da ba a faɗa shi ne cewa daga farashin da shagon ya ga dama ya sa ake cire harajin, kuma haya a filin jirgi tana da tsada ƙwarai, ta yadda sau da yawa ragin yakan narke kafin ya iso ga mai saye. Dattawan da suke tuna yadda aka riƙa dawowa da Rado cikin sauƙi a ƙarshen shekarun 1970 ba ƙarya suke yi ba, amma ƙarfin naira suke tunawa, domin a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan kowace dala tun 1986, saboda haka duk agogon da ke Jidda da dala ake sayensa a fakaice, kuma tsohon lissafin ya daɗe da daina aiki, balle tun da aka saki naira a Yunin 2023.

Jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sababbin shiga ne a wannan zance. Sun fara tashi daga Jidda cikin Bahar Maliya a 'yan shekarun nan, kuma a Disamban 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna Aroya, har ya zama mai hali yana iya haɗa Umara da 'yan kwanaki a kan teku. Shagunan cikin jirgi ba sa buɗewa sai ya bar tasha, kuma galibi kamfanoni ne masu izini suke gudanar da su, don haka zargin cewa duk kayansu jabu ne ba shi da tushe. Tarkon yana wani wajen, a kan teburin da ake jera agogo a rubuta rangwamen kashi 60 ko 70, wanda yawanci na kamfanonin da suke buga farashin da ba a taɓa sayar da agogon a kansa ba ne, don a ga kamar an yi babban ragi. Shagunan bakin tasha da ake yaba wa fasinjoji kuwa, a wurare da dama biya suke yi a ambace su. Wanda ya sauka daga jirgi ba shi da hanyar komawa shagon idan agogon ya tsaya, kuma rashin biyan haraji a wurin saye bai ɗauke hakkin kwastan a filin jirgin Malam Aminu Kano ba idan kayan sun wuce abin da aka yafe wa matafiyi.

Akwai kuma labarin da mai talla yake raɗawa, cewa agogon na asali ne amma rarar kamfani ce, ko kamun kwastan ne da aka yi gwanjonsa, shi ya sa farashinsa ya karye. Lissafi kaɗai ya isa ya rushe wannan. Mafi arhar sabon Rolex na ƙarfe ya haura dala 5,000, wato guzurin alhaji gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba, kuma a shagunan dillalansa ma sau da yawa jira ake yi kafin a samu. Wanda aka bari a riyal 300, wato dala 80, ba ya buƙatar wani bincike.

Gwaje-gwajen da ake yi a gida su ne suka fi yaudara, domin kowanne yana da ɗan ƙamshin gaskiya. Ana cewa hannun sakan na agogon asali sulalewa yake yi, na jabu kuwa tsalle. Bambancin na nau'in inji ne kawai. Agogo mai batir, wanda Seiko ya fara fitarwa kasuwa a Disamban 1969, yana amfani da ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da lantarki ke kaɗawa, kuma hannunsa yana motsawa sau ɗaya a sakan, shi kuwa mai inji zalla wata naɗaɗɗiyar waya ce take tura shi, hannunsa yana motsawa sau shida ko takwas a sakan har ido ya ga kamar sulalewa. Rado da Omega suna yin masu batir na gaske, Rolex ma ya taɓa yin su, sannan masu jabu sun daɗe da sa inji mai sulalewa a nasu. Nauyi ma ba shaida ba ne, domin ƙara ƙarfe ba wuya, kuma akwai agogo masu tsada da aka yi da taitaniyam, ƙarfe mai ƙwari marar nauyi. Rubutun duwatsu 17 ko 21 da ke fuskar agogo kuwa ba lu'ulu'u ba ne da za a ciro a sayar, ƙananan jajayen duwatsu ne na masana'anta da ake dasawa a inda ƙafafun inji ke juyawa don rage gogayya.

Daga rashin sanin yadda inji yake aiki ne kuma tsohon zancen nan ya samo asali, cewa Seiko 5 da jinin mutum yake aiki, har wai yakan tsaya idan mai shi ya rasu. Wanda ya tsaya gaban mai gyaran agogo a kasuwar Kwanar Dangora ya sa aka buɗe masa bayansa zai ga wani faifan ƙarfe mai siffar rabin wata yana lilo da zarar an karkata agogon. Motsin hannu ne yake juya shi, shi kuma ya naɗe wayar da ke tura injin, kuma abin da ya naɗe yakan kai awa 40 ko kusa da haka. Agogon da aka cire ranar Juma'a aka ajiye zai iya tsayawa kafin Lahadi ta ƙare, ko mai shi yana raye ko ba ya raye, kuma wannan tsayawar ba lalacewa ba ce, girgiza shi kaɗan ya isa ya tashe shi.

Sunan ƙasa da ke jikin agogo ma ana yi masa mummunar fahimta ta fuska biyu. Wasu suna mayar da Casio ko Seiko don sun ga sunan Sin ko Tailan ko Malesiya a bayansa, alhali kamfanonin da kansu suna da masana'antu a wajen Japan, kuma ƙaramin Casio F-91W da ake yi tun 1989 na gaske ne ko da ba a Japan aka haɗa shi ba. Wasu kuma suna sakin jiki da zarar sun ga "Swiss Made". A dokar Suwizalan tun Janairun 2017 wannan rubutu yana nufin injin na can ne, a can aka haɗa agogon aka duba shi, kuma aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera shi a can aka kashe, amma mai jabu da ya saci sunan kamfani ba zai ji nauyin ƙara kalma biyu ba. Shi kuwa Rado, wanda ya yi suna da DiaStar na 1962, gaskiya ne jikinsa da gilashinsa ba sa karcewa da sauƙi, sai dai tauri daban, juriya daban: kamar tangaran yake, ƙusa ba ta yi masa zane, amma faɗuwa a kan siminti tana iya fasa shi.

Batun ruwa ya shafi kowane mai alwala. Rubutun mita 30 ba ya nufin a nutse da agogon zurfin mita 30, ma'aunin matsin da aka gwada shi da shi ne a ɗakin gwaji, kuma a aikace fantsamar ruwa da yayyafi kawai yake ɗauka. Mai shiga ruwa a madatsar Tiga ko mai yini a fadamar shinkafa yana buƙatar mai mita 100, kuma kowane iri ne, robar da ke toshe bayansa tana tsufa, musamman bayan an buɗe shi don canjin batir.

Garanti na duniya, wato alkawarin gyara kyauta a kowace ƙasa, shi ma gaskiya ne mai sharaɗi. Rolex yana ba da shekara biyar tun 2015, kamfanoni da yawa kuma shekara ɗaya zuwa uku, amma sai da katin da dila mai izini ya cike da ranar saye, wanda lambarsa ta yi daidai da wadda aka zana a jikin agogon, kuma gyaran a cibiyar da kamfanin ya amince da ita ake yi, wadda ga mutumin Riruwai tana iya zama Legas ko ma wajen ƙasa. Masu cewa agogo kadara ne kamar fili ko saniya sun ɗauki hukuncin 'yan tsirarun nau'o'i na Rolex da Patek Philippe sun shafa wa kowa, domin mafi yawan agogo suna faɗuwa da zarar sun bar shago. Launin zinariya ma galibi shafe ne na sama, na ainihi yakan ɗauki hatimin 750, kuma namiji Musulmi ya san hukuncin sa zinariya. Babu aibi a ba suruki Casio na gaske mai araha, aibin yana wajen miƙa masa jabu da sunan Rado, ya tafi yana godiya a kan abin da ba shi aka ba shi ba.

Saura agogon salla, irin na Al-Fajr da makamantansa, wanda ake yawan kuka da shi cewa ya rikice da zarar an dawo gida. Irin wannan agogo lissafi yake yi da wurin da aka saita masa, kuma Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, don haka sai an sauya masa gari. Ko an sauya ma, tsarin Ummul Ƙura da ake bi a can yana sa Isha'i minti 90 bayan Magariba, a watan azumi kuma minti 120, abin da bai dace da yadda masallatan Kano suke yi ba, sai an zaɓi wani tsarin lissafi a cikin agogon. Doguwa kuma tana kudu da birnin Kano da fiye da digiri ɗaya, wanda yake kawo bambancin 'yan mintuna a Asuba da Magariba a wasu watanni, shi ya sa nau'o'in da suke karɓar ma'aunin gari kai tsaye, ko suke bari a ƙara minti a rage, suka fi dacewa da mutanen wannan yanki.