Habbatus Sauda da Mai Raunin Tayirod: A Sha Ko a Bari?

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Garwa, ko kasuwar Pitowa ran Lahadi, zai ga habbatus sauda a shimfiɗar masu magani. Akwai tsabarta, ƙanana baƙaƙe kamar riɗi. Akwai garinta, akwai manta a kwalba, yanzu kuma har da ƙwayoyi a gwangwani irin na asibiti. Alhazai sukan kawo ta tsaraba daga Makka. Musulmi suna girmama ta domin an ambace ta a hadisi, masana da yawa kuma suna ganin ita ce ɗaya daga cikin irin shukar da aka ambata a littafin Annabi Ishaya, sura 28. Ba baƙuwa ba ce a gidajenmu.

Shi ya sa masu raunin tayirod suke yawan tambaya: "In na samu habbatus sauda, ba sai in huta da shan ƙwayar asibiti ba?" Amsar ita ce a'a. Ga dalili.

Mene ne tayirod?

Tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. In ya kumbura, shi ne muke kira maƙoƙo. Aikinsa shi ne fitar da wani sinadari cikin jini, wanda yake yi wa jiki abin da zugazugi yake yi wa wutar maƙera. In sinadarin ya yi kaɗan, wutar jiki sai ta lafa. Mutum ya riƙa jin kasala da yawan barci. Ya ji sanyi ko da a watan Afrilu ne, lokacin da kowa a Garwa yake neman inuwa. Fata ta bushe, gashi ya zube, fuska ta kumbura, murya ta dushe, bayan gida ya yi tauri, jiki ya yi nauyi ba tare da an ƙara cin abinci ba. Mace tana iya ganin al'adarta ta rikice, ko ciki ya ƙi shiga, ko ya riƙa zubewa. Cutar ta fi kama mata. Sau da yawa akan ce ciwon sanyi ne, ko basir, ko ma sammu, a yi shekaru ana jiƙe-jiƙe.

Tayirod ba ya aiki sai da aidin. Ƙasashen da suke nesa da teku, musamman kan duwatsu, ƙasarsu da ruwansu ba su da aidin isasshe, shi ya sa a da maƙoƙo ya yi yawa a wurare da dama na Kamaru. Tun 1991 gwamnati ta wajabta sa aidin a gishirin ci, maƙoƙo kuwa ya ragu. Amma akwai wasu dalilai. Wani lokaci garkuwar jiki ce take juyowa ta lalata tayirod. Ana kiran wannan cutar Hashimoto, sunan likitan Japan da ya fara bayyana ta a 1912. Wasu kuma an yi musu tiyatar maƙoƙo ne aka cire naman, ko mafi yawansa.

Ƙwayar asibiti, wato levothyroxine, wadda da yawa suka sani da sunan Levothyrox, ita ce ainihin sinadarin da jiki ya kasa yi. Ba ta gyara naman ba, tana cike gurbinsa ne. Saboda haka yawancin masu shanta za su sha ta har iyakar rai.

Me bincike ya nuna?

A 2016 masana a birnin Tabriz na ƙasar Iran sun buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki mutum 40 masu cutar Hashimoto, suka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya suna shan giram 2 na garin habbatus sauda kowace rana, wato wajen ƙaramin cokalin shayi, har mako 8. Ɗaya kashin an ba su abin da ba magani a ciki. A ƙarshe masu shan habbatus sauda gwajin jininsu ya ɗan gyaru, nauyinsu ma ya ɗan ragu.

Labari ne mai daɗi, amma a lura da abu uku. Mutum 40 kaɗan ne. Mako 8 kuma gajere ne ga cutar da ake zama da ita shekaru. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: mutanen nan ba su daina shan ƙwayarsu ta asibiti ba, a kanta aka ɗora musu habbatus sauda. Babu sinadarin tayirod a cikin habbatus sauda ko kaɗan. Wanda aka cire masa naman, ko ya sha kwalba goma, ba za ta mayar masa da shi ba.

Inda ake ruɗuwa

Levothyroxine tana daɗewa a jiki. Bayan mako guda da dainawa, kusan rabinta yana nan cikin jini. Don haka wanda ya ajiye ƙwayarsa ya koma ga habbatus sauda zai yi mako biyu ko uku yana jin garau. Sai ya ce ya warke, har ya ba maƙwabta shawara. Alhali ragowar ƙwayar ce take riƙe da shi. Daga nan kasala ta dawo a hankali, yadda ba zai haɗa ta da barin magani ba. In abin ya yi nisa, zuciya takan yi rauni, mutum ya rikice, jiki ya yi sanyi ƙalau, har a kai ga dogon suma. Wannan yana kisa, ya fi kuma samun tsofaffi a lokacin hunturu.

Mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari. A watannin farko jariri ya dogara ga sinadarin uwarsa don ƙwaƙwalwarsa ta ginu. Mai ciki ƙari ma take bukata, ba ragi ba. Da zarar kin ga batan wata, ki zo asibiti a duba awon maganinki. Kada ki sha man habbatus sauda ko ƙwayoyinta da ciki. Ɗan abin da aka barbaɗa a abinci ba laifi.

In kana so ka sha ta

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya wa likita ko nas, ka zo da kwalbar su gani. Ba wanda zai yi maka faɗa.

Ka sha levothyroxine da asuba, da ruwa zalla, ciki ba kome. Ka jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko, shayi ko kofi. Habbatus sauda ta jira sai da abincin rana ko na dare, aƙalla awa 4 tsakani. Haka ma ƙwayar ƙarin jini, da ta ƙarfin ƙashi, da maganin gyambon ciki, domin suna hana ƙwayar shiga jini. Awara da madarar waken suya ma a nisanta su da ita. Da azumi, a sha ƙwayar rabin awa kafin sahur, ko lokacin kwanciya bayan awa 3 da cin abinci.

Kada ka wuce ƙaramin cokali na garin a rana. Man ya fi garin ƙarfi, yawansa yana ɓata ciki. Habbatus sauda tana iya sauke sukari da hawan jini, don haka mai shan maganin waɗannan ya yi hattara da jiri, rawar jiki da zufa. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, su bar ta sai sun tambaya.

Bayan mako 6 zuwa 8 da fara shanta, a yi gwajin jini mai suna TSH. Shi ne yake nuna ko awon ƙwayar ya yi daidai, ba yadda kake ji ba. In ba a yin gwajin a asibitin ƙauyenku, za a tura ka Garwa, Marwa ko Ngaundare. In ka ji zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, kana ramewa, barci ya ƙaurace, wataƙila sinadarin ya yi yawa. Ka zo a duba, kada ka rage da kanka.

Ka sayi ƙwayarka a kantin magani mai lasisi, ba a tiren masu yawo ba. Zafi da laima suna kashe mata ƙarfi, saboda haka a bar ta cikin takardarta, a ajiye a inuwa, nesa da murhu. In kuɗi bai isa duka biyu ba, a sayi ƙwayar asibiti tukuna. Habbatus sauda tana iya jira, ƙwayar ba ta jira.

In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah ya ba mu lafiya.